Sabuwar Babbar Manhajar Waya: Rumfa ta Uku Za Ta Tsaya Kuwa?

A watan Oktoba na shekarar 2024 kamfanin Huawei na ƙasar Sin ya tara jama'a a birnin Shenzhen, ya fito da sabuwar babbar manhajar waya wadda ya raɗa wa suna HarmonyOS NEXT. Abin da ya bambanta ta da 'yan'uwanta da suka gabata shi ne ta raba gari da Android gaba ɗaya, har ma manhajojin da aka yi domin Android ba sa aiki a kanta kai tsaye. Tun daga ranar ake ta muhawara a kan ko ƙarshen mulkin Google da Apple ne ya zo. Waɗansu daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai har sun fara murna, wai ga rumfa ta uku ta kafu, nan da 'yan shekaru kowa zai kwashe kayansa ya koma can. A nawa ɗan ƙaramin sani murnar nan ta yi gaggawa, kuma zan bayyana dalilaina, domin maganar ta shafi aljihunmu da karatunmu da ofisoshin da za mu zauna a ciki gobe.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fahimci abin da ake nufi da babbar manhaja. Waya komai-da-ruwanka tana da gangar jiki, wato gilashi da batir da kyamara da ƙwaƙwalwar lantarki. Babbar manhaja ita ce ke raba aiki tsakanin waɗannan sassa, ita ke karɓar umarnin yatsa, ita ke ba kowace ƙaramar manhaja wurin zama da iznin amfani da kyamara ko lambobin mutane. Idan muka kwatanta waya da kasuwa, to babbar manhaja ita ce filin kasuwar da dokokinta da sarkinta. WhatsApp da Facebook da manhajar banki da taswira kuwa 'yan kasuwa ne masu rumfuna a ciki. Mai filin shi ke cewa wane ya shiga, wane ya fita, shi ne kuma ke karɓar la'ada, wadda a shagunan Apple da Google takan kai kashi 30 cikin 100 na cinikin da aka yi a cikin manhaja, ko kashi 15 ga ƙananan 'yan kasuwa.

Filaye biyu ne suka cinye kasuwar duniya. Apple ya fito da iPhone a 2007, ya buɗe shagon manhajojinsa a 2008 da manhajoji kusan 500 kacal. Google kuwa ya sayi Android a 2005, wayar farko mai ɗauke da ita ta shiga kasuwa a 2008. A yau fiye da kashi 70 cikin 100 na wayoyin zamani a duniya Android ce a cikinsu, mafi yawan ragowar kuwa iOS ce ta Apple. A nan Nijeriya rinjayen Android ya ma fi haka nesa. Duk wanda ya zagaya kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ya san Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi sunaye ne daban-daban, amma filin da suke tsaye a kai guda ne.

To, me zai hana wani ya share sabon fili? Amsar tana cikin ɗabi'ar kasuwa kanta, kuma duk Bahaushe ya san ta. A ce wata ƙaramar hukuma ta gina sabuwar kasuwa a bayan gari, ta yi mata rumfunan siminti da famfo da wutar lantarki, ta fi tsohuwar kyau ta kowace fuska. Mai tumatir ba zai ƙaura ba sai ya ga masu saye sun koma can. Mai saye kuma ba zai je ba sai ya tabbata zai sami mai tumatir da mahauci da mai gishiri. Kowa yana jiran kowa, sai rumfunan su zama wurin kwanan awaki. Haka abin yake ga sabuwar babbar manhaja. Mai ƙirƙirar manhaja yana biyan ma'aikata domin su rubuta ta Android, su sake rubuta ta iOS, su kuma riƙa gyara su duka biyun kullum. Idan aka ce ya rubuta ta uku, tambayarsa ta farko ita ce mutum nawa ne a can. Mai sayen waya kuma tambayarsa ta farko ita ce, tana yin WhatsApp? Bankina yana ciki?

Tarihin shekaru goma sha biyar da suka wuce cike yake da kaburburan waɗanda suka raina wannan tambaya, kuma babu rago ko matalauci a cikinsu.

Mu fara da Microsoft, wanda ya zo da kuɗi. Ya fito da Windows Phone a ƙarshen 2010. A Fabrairun 2011 Nokia, wanda a lokacin ya fi kowa sayar da waya a duniya, ya yanke shawarar barin manhajarsa Symbian ya rungumi ta Microsoft. Wayoyin Lumia da suka biyo baya suna da kyau, kyamararsu ta yi suna, manhajar kuma ba ta da nauyi ko a waya mai araha. A 2014 Microsoft ya kammala sayen sashen wayoyin Nokia a kan kuɗi fiye da dala biliyan 7. Shekara guda bayan haka, a Yulin 2015, ya sanar da asarar dala biliyan 7.6 a kan wannan ciniki, ya kuma sallami ma'aikata 7,800. Me ya faru? Instagram bai shigo ba sai ƙarshen 2013. Snapchat bai taɓa zuwa ba. Manhajar YouTube da Microsoft ya rubuta da kansa, Google ya toshe ta a 2013. Rabon Windows Phone a kasuwar duniya bai taɓa kai kashi 5 cikin 100 ba. A 2017 Joe Belfiore, ɗaya daga cikin shugabannin sashen, ya faɗa a fili cewa sun biya masu ƙirƙira kuɗi, har sun rubuta musu manhajojin da hannunsu, amma ƙarancin masu amfani ya hana kamfanoni zuba jarinsu. A Disambar 2019 aka rufe littafin.

BlackBerry na ƙasar Kanada kuwa ya zo da masoya. Yayyenmu suna ba da labarin zamanin da a jami'o'in ƙasar nan ba a tambayar lambar waya, sai dai a tambayi lambar BBM. A 2012 masu amfani da BlackBerry sun kai kimanin miliyan 80. A Janairun 2013 kamfanin ya fito da sabuwar manhaja, BlackBerry 10, wadda masana da dama suka yaba wa ƙirarta. Amma ta zo ta tarar an riga an raba kasuwa. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin da kansa ya kai BBM kan Android da iPhone, wato ya ɗauki rumfar da ta fi kawo masa jama'a ya kai kasuwar abokan hamayya. A 2015 ya fito da waya mai Android, a 2016 ya daina ƙera waya da kansa, a Janairun 2022 kuma ya kashe hidimomin tsofaffin wayoyin.

Gidauniyar Mozilla ta zo da araha da kyakkyawar niyya. Firefox OS, wadda ta shiga kasuwa a 2013, an yi ta ne musamman domin talakawan ƙasashe masu tasowa, har aka yi shelar waya ta dala 25. Kamfanin Orange ya kawo wata mai suna Klif waɗansu ƙasashen Afirka a 2015. Amma WhatsApp bai yi manhaja dominta ba, kuma a daidai lokacin farashin ƙananan wayoyin Android yana ta sauka. Talaka ya duba, ya ga idan ya ƙara 'yan kuɗi kaɗan zai sami wayar da zai gaisa da danginsa, sai ya ƙara. A Disambar 2015 Mozilla ta sanar da janyewa.

Har Samsung, wanda ya fi kowa sayar da wayoyin Android, ya gwada tasa. Ya fito da wayar Tizen ta farko a Indiya a 2015, ta ƙarshe a 2017, daga nan ya mayar da Tizen cikin akwatunan talabijin, inda ba a bukatar dubban manhajoji. Ubuntu ta gwada, ta haƙura a 2017. Idan mai kuɗi da mai masoya da mai araha da mai masana'anta duk sun faɗi a rami ɗaya, to ramin ne ya kamata a bincika.

Akwai kuma wata katanga ta biyu wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba. Ana cewa Android kyauta ce, kuma gaskiya ne tushenta a buɗe yake, kowa yana iya ɗauka ya gyara. Amma shagon Play da taswirar Google da Gmail da YouTube, da hidimomin da ke ɓoye a ƙarƙashi, irin wadda ke kawo sanarwar saƙo da wadda ke tabbatar wa banki cewa ba a lalata tsaron wayar ba, duk mallakar Google ne, sai da lasisinsa. Manhajoji da yawa an gina su ne a jingine da waɗannan hidimomi, idan aka zare su sai manhajar ta gurgunce. Kuma lasisin yana zuwa da sharuɗɗa. A 2012 kamfanin Acer ya soke bikin fito da wata waya mai manhajar Alibaba a ƙurarren lokaci bayan Google ya nuna rashin amincewa. A 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34, kuma ɗaya daga cikin laifuffukan shi ne hana masu ƙera waya sayar da wayoyi masu wani reshen Android wanda Google bai amince da shi ba. Koriya ta Kudu a 2021 da Indiya a 2022 su ma sun ci shi tara a kan makamancin haka. Wato sabon fili yana fama da rashin 'yan kasuwa, yana kuma fama da rashin masu ƙera masa wayoyin da zai zauna a ciki.

Yanzu sai mu koma kan Huawei, mu ga me ya sa nasa labarin ya sha bamban.

Abu na farko shi ne tilas. Masu iya magana sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. A Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta sa Huawei cikin jerin kamfanonin da aka hana kamfanonin Amurka hulɗa da su ba tare da izni ba, sai sababbin wayoyinsa suka rasa hidimomin Google. A 2020 aka ƙara ɗaure shi ta fuskar ƙwaƙwalwar lantarki, masana'antar TSMC ta Taiwan ta daina ƙera masa. Kamfanin da ya sayar da wayoyi kusan miliyan 240 a 2019 sai ga shi ya sayar da reshensa Honor a ƙarshen 2020 domin ya tsira da shi. Kuɗin shigarsa ya sauko daga Yuan biliyan 891 a 2020 zuwa biliyan 637 a 2021. Microsoft da ya ga asara yana da Windows da Office da zai koma wa, Samsung yana da Android a hannu ɗaya yayin da yake wasa da Tizen a ɗayan. Huawei ba shi da ƙofar baya. Ko ya gina fili, ko ya bar sana'ar.

Abu na biyu shi ne gida. Shagon Play da YouTube da Gmail da WhatsApp da Facebook dama ba sa aiki a babban yankin ƙasar Sin. Saboda haka Basine da ya sayi waya mara hidimomin Google bai yi asarar komai ba, domin bai taɓa dogaro da su ba. Katanga ta biyu da muka ambata babu ita a can. Ga kuma yawan jama'a, fiye da mutum biliyan ɗaya masu amfani da intanet, wanda ke nufin kaso kaɗan na kasuwar Sin ya fi dukan kasuwar waɗansu ƙasashe girma. Sarkin yawa, an ce, ya fi sarkin ƙarfi.

Abu na uku shi ne yadda Sinawa suke amfani da waya. Yawancin hidimominsu na yau da kullum suna cikin 'yan manyan manhajoji, musamman WeChat da Alipay. A cikin WeChat mutum yana hira, yana biyan kuɗi, yana kiran mota, yana sayen tikiti, ta hanyar ƙananan shirye-shirye da ke zaune a cikinta. Idan aka shawo kan waɗannan 'yan manyan, an ci rabin yaƙi. Duk da haka sai a Janairun 2025 cikakkiyar WeChat ta fito a kan sabuwar manhajar, watanni bayan bikin Oktoba, kuma masu amfani sun yi ta ƙorafin cewa ta gaza ta Android.

Abu na huɗu shi ne dabara da haƙuri. Huawei ya sanar da HarmonyOS tun Agustan 2019, ya sa ta a wayoyi a 2021, amma shekaru uku ya bar ta tana karɓar manhajojin Android, har masu suka suna cewa Android ce aka canza wa riga. Sai da ya tara jama'a, sai da wayarsa Mate 60 Pro mai ƙwaƙwalwar da aka ƙera a gida ta farfaɗo da kasuwarsa a 2023, sannan ya yanke igiyar. Kamfanin bincike na Counterpoint ya ƙiyasta cewa a watanni uku na farkon 2024 HarmonyOS ta sami kashi 17 cikin 100 na cinikin wayoyi a Sin, ta ɗara iOS mai kashi 16. Wato ya fara tara masu saye tukuna, sannan ya ce wa 'yan kasuwa ga mutanenku nan, ku biyo su. A bikin Oktoba ya ce yana da manhajoji 15,000, shugabanninsa kuma suka ce burinsu 100,000. Hukumomi ma sun sa hannu, gwamnatin birnin Shenzhen ta fito da shiri na musamman a 2024 domin ƙarfafa rubuta manhajojin.

Idan aka haɗa waɗannan abubuwa huɗu, ina ganin HarmonyOS za ta rayu a ƙasar Sin, kuma wannan kaɗai abin a jinjina wa injiniyoyinsu ne. Amma mai karatu ya sake duba dalilan nan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa wanne ne zai iya tsallake iyaka. A Legas ko Alƙahira ko Landan babu wanda aka tilasta wa barin Google. WhatsApp mallakar Meta ne, YouTube mallakar Google, dukansu kamfanonin Amurka. Bankunanmu da OPay da PalmPay da Moniepoint ba za su ɗauki sababbin ma'aikata su koyi sabon harshen rubuta manhaja domin mutum dubu kaɗan ba. Huawei da kansa ya san haka, shi ya sa har zuwa 2025 wayoyin da yake sayarwa a waje suna ɗauke ne da EMUI, wadda aka gina a kan tushen Android. Ƙiyasin Counterpoint ɗin nan da ya ba ta kashi 17 a Sin, kashi 4 ya ba ta a duniya, kuma kusan dukansa daga Sin ɗin ya fito.

Wani zai ce, ai KaiOS ta shigo Afirka da Indiya, ta kuma sayu. Haka ne, kuma labarinta yana ƙarfafa maganata. An gina KaiOS a kan ragowar Firefox OS, aka sa ta a ƙananan wayoyi masu maɓalli, inda Android ta yi nauyi. Ta bunƙasa a Indiya da JioPhone daga 2017, ta wuce wayoyi miliyan 100, saboda ta sami abin da uwarta ta rasa: Google ya zuba mata dala miliyan 22 a 2018 ya kawo manhajojinsa, WhatsApp ma ya shigo a shekarar. Da WhatsApp ya sanar a 2024 cewa zai janye, sai hasken ya dusashe. Ran filin yana hannun 'yan kasuwar da suka fi jan jama'a.

Wani kuma zai ce, ai Symbian ma ta taɓa riƙe kusan rabin kasuwa, ta kuma faɗi, don me Android ba za ta faɗi ba? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Amma a lura da abin da ya kayar da Symbian. Siffar wayar ce ta canza, aka bar maɓalli aka koma shafa gilashi, sai dukan manhajojin da ke akwai suka tsufa a lokaci guda, kowa ya koma farawa daga tushe. A irin wannan rana ce kaɗai baƙo ke samun daidaito da ɗan gari. Mai yiwuwa ƙirƙirarriyar basira ta kawo irin wannan rana, idan mutane suka koma yi wa na'ura magana maimakon buɗe manhajoji. Amma gwajin farko bai yi armashi ba. Na'urar kamfanin Humane mai maƙalewa a riga, wadda ta fito a 2024 da niyyar maye gurbin waya, ba ta cika shekara a kasuwa ba aka kashe ta. Google da Apple kuma ba barci suke yi ba, suna cusa wannan basira a cikin nasu filayen.

To, mu ina ruwanmu? Ruwanmu babba ne. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya koya mana cewa waya ta zama aljihu. Da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake karɓar albashi, a cikinta ake raba takardun lacca, a cikinta ma'aikatu da yawa suke aika sanarwa. Duk wannan yana tsaye ne a kan fili biyu waɗanda dokar wata ƙasa ke iko da su. Abin da aka yi wa Huawei ya nuna ana iya rufe ƙofa da sa hannu ɗaya. A 2017 Apple ya cire manhajojin Iran daga shagonsa saboda takunkumi. A 2022 manhajojin manyan bankunan Rasha, har da Sberbank, sun ɓace daga shagunan, Rasha ta yi gaggawar buɗe nata shagon mai suna RuStore. Ko mutum yana ganin takunkuman nan daidai ne ko kuskure, darasin bai canza ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai dai ruwan da za mu shafa shi ne abin dubawa. Ban yarda da masu cewa mafita ita ce mu koma wa Huawei ba, domin wanda ya bar gidan haya ya koma wani gidan haya har yanzu ɗan haya ne, sunan mai gidan kawai ya canza. Ban kuma yarda da masu kiran gwamnati ta ƙaddamar da babbar manhaja ta ƙasa ba. Indiya, mai mutum fiye da biliyan ɗaya da ɗimbin injiniyoyi, ta yi bikin BharOS a Janairun 2023 ministoci suna tafi, amma ba ta zama wayar mutanen kasuwa ba. Huawei ya kashe kusan Yuan biliyan 180 a kan bincike a 2024 kaɗai. Mu da muke fama da wutar da za mu caja wayar, idan muka shiga wannan tsere, abin da za mu samu shi ne kwamiti da kwangila da hoton bikin yanke kirtani.

Akwai darasi mafi kusa da mu a labarin Transsion, uban gidan Tecno da Infinix da itel, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani ta Afirka. Bai share sabon fili ba. Ya ɗauki Android yadda take, ya duba bukatar mutanenmu, ya yi waya mai layi biyu, mai batir mai jimiri, mai kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau, ya buɗe wuraren gyara a garuruwa. Ya ci kasuwa ne da sanin mai saye. Abin kunya a gare mu shi ne baƙo daga Shenzhen ne ya yi wannan nazari a kanmu, ba ɗan gida ba.

Saboda haka ina da shawarwari. Ga 'yan'uwanmu matasa da suka fara aikin gwamnati, ku ne za ku rubuta takardun kwangilar manhajojin ma'aikatu nan gaba kaɗan. Kada ku yarda a ɗaure wata hidimar jama'a, ko ta haraji ko ta asibiti ko ta rajistar ɗalibai, a shagon kamfani ɗaya. Kowace hidima ta kasance tana buɗuwa a shafin intanet a kan kowace irin waya, kuma a bar hanyar danna lambobi da ta gajeren saƙo a raye, domin su ba ruwansu da babbar manhaja, ko ƙaramar wayar tsohuwa a ƙauye tana yi. Bayanan jama'a kuma a ajiye su a tsarin da za a iya kwashewa a ƙaura da su. Wanda kayansa ke ɗaure cikin buhu ba ya tsoron ranar da mai gida zai ce a tashi. Hukumomi irin su NITDA da NCC su sa wannan ya zama ƙa'ida, hukumar kare haƙƙin masu saye kuma, wadda ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a 2024, ta sa ido a kan sharuɗɗan shagunan manhaja kamar yadda Indiya da Koriya suka yi.

Ga jami'o'inmu, tushen Android a buɗe yake, na Linux a buɗe yake, tushen OpenHarmony ma Huawei ya miƙa shi ga wata gidauniya, kowa na iya karantawa. Bai kamata ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya gama digiri bai taɓa buɗe cikin babbar manhaja ya ga yadda take aiki ba. Ƙasar da ke da mutum dubu masu wannan sani tana da zaɓi ranar da tilas ta zo. Wadda ba ta da su sai ta karɓi abin da aka ba ta.

Ga mu ɗalibai kuma, mu rage gardamar wace waya ta fi wace, mu shiga sahun masu rumfa. Mun ga a duk labaran nan cewa iko yana hannun manhajar da jama'a ba za su iya rabuwa da ita ba. Har yanzu manomi a Funtuwa da mai awo a Dawanau da ungozoma a Maraɗi suna jiran manhajojin da za su yi musu magana da Hausa, su warware musu matsalar farashi da bashi da magani. Wanda ya rubuta irin wannan, jama'a suka saba da ita, to ranar da wani sabon fili ya zo neman shiga ƙasar nan, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

A taƙaice, rumfa ta uku ta tsaya, amma a bayan katangar gidansu ta tsaya, kuma ban ga alamar za ta fito kasuwarmu nan kusa ba. Wannan jinkiri dama ce a gare mu mu shirya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kuma ba shugabanninmu hangen nesa, amin.